Injin shara mai zuƙar ruwa da ƙura: asalinsa, da wanda ya cancanci a ajiye

Tambaya: Wani bawan Allah daga Unguwar Sanusi a nan Kaduna ya rubuto cewa ya jima yana tara tsofaffin kaya irin su rediyo, dutsen guga na gawayi da keken ɗinki. Kwanan nan ya ci karo da wani injin shara a Panteka, mai siffar bokiti, ruwan goro, da sunan Vax a jikinsa, ba tiyo ba takarda. Mai kayan ya ce masa yana zuƙar ƙura, yana kuma zuƙar ruwa. Yana son ya san asalin irin waɗannan injina, wanda ya fara ƙera su, da waɗanda ya kamata mai tara kaya ya nema.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi, ka yi kamu. Zan zo kan naka, amma bari in fara da batun wanda ya fara, don nan ne masu tara kaya suka fi ruɗewa. Ba mutum ɗaya ba ne. Injina uku ne daban-daban ake cakuɗawa a kasuwa. Akwai wanda ake zuba wa ruwa a ciki don ruwan ya kama ƙura, akwai wanda ke kwashe ruwan da ya malale a ƙasa, sannan akwai mai fesa ruwan sabulu a kafet ya koma ya zuƙe abinsa. Kowanne da ƙasarsa da kuma matsalar da ta haife shi. Naka na ukun ne, kuma shi ne autansu.

Shi kansa injin zuƙar ƙura ya riga Kaduna zama hedikwatar Arewa. Sai a 1917 Turawa suka taso daga Zungeru suka dawo nan, alhali tun 1901 wani injiniyan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya fito da nasa a Landan. Ƙaton abu ne da dawaki ke ja, yana shan fetur. A ƙofar gida ake girke shi, a zura dogayen tiyo ta tagogi. Da shi aka share kafet ɗin cocin Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Ka lura da tsarinsa: injin yana gefe guda, datti yana taruwa a akwati, tiyo ne kaɗai ke yawo. A ganina bokitinka ya fi kama da wannan kakan fiye da dogayen injinan falo da ake turawa.

Su waɗancan na falo a Amurka suka samo asali. James Murray Spangler, mai shara a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohio, ƙura ta dame shi da tari, sai ya haɗa fankar lantarki da sandar tsintsiya da rigar filo. A 1908 ya sami takardar mallakar fasahar, ya sayar wa William Hoover, aka fito da Model O a shekarar. A Denmak kamfanin Fisker da Nielsen ya fito da Nilfisk C1 a 1910, nauyinsa kilo 17 da rabi, kuma a lokacin an ɗauke shi marar nauyi tunda mutum ɗaya na iya sarrafa shi. Electrolux na Suwidin ya kawo Model V a 1921, mai kwanciya a ƙasa bisa siraran ƙarafa ana jan sa.

Duk waɗannan ba sa ga maciji da ruwa, kuma idan ka fahimci dalilin ka fahimci rabin tarihin. Na tsaye jakar yadi yake tara datti a ciki, jakar yadi kuwa ba ta riƙe ruwa. Na kwance matsalarsa ta fi muni. Iskar da ya zuƙo daga ƙasa, bayan ta ratsa jaka, ita ce ke bi ta cikin moto ta sanyaya koyil. Dabara ce mai arha, amma da ruwa ya biyo iskar, kai tsaye sai kan waya mai wuta da kabon mai tartsatsi. In an yi sa'a fis ya tsinke, in ba a yi ba moto ya ƙone ko wuta ta ja mai riƙe da shi. Kafin injin ya iya shan ruwa sai da aka raba hanyar iska biyu. Iskar aiki tana shiga fanka ta fita ta gefe ba ta taɓa koyil ba, sannan akwai wata ƙaramar fanka a saman moto da ke janyo iska mai tsabta daga waje don sanyaya shi. Aka ɗora moton a kan murfi, can sama da datti, yadda ruwa da duk abu mai nauyi zai faɗa ƙasan bokiti da zarar ya fito daga bakin tiyo ya shiga fili, gudun iska ya ragu. Aka ƙara da wata ƙwallo a cikin keji ƙarƙashin moton, irin wadda ke tsayar da ruwa a tankin saman gida. Ruwa na cika tana tasowa, har ta toshe bakin fanka. Shi ya sa za ka ji ƙarar injin ta yi sama ba zato, zuƙa ta tsaya cak. Ba lalacewa ba ce, bokiti ne ya cika. Duk injin da ka buɗe ba ka ga wannan ƙwallo da kejinta ba, ko mai kaya ya rantse maka, kada ka ba shi ruwa.

A cikin ukun nan, masu amfani da ruwa a matsayin tarkon ƙura su suka riga sauran. Jim Kirby na Cleveland ya gwada haka tun 1906, daga baya ya koma jakar yadi saboda wahalar zubar da ƙazamin ruwa. Kamfanin Rexair ne ya riƙe dabarar, ya shigo da ruwa cikin injinsa a 1936, ya sa masa suna Rainbow a 1955. Iska tana kutsawa cikin kwanon ruwa, ƙura ta jiƙe ta zauna. Gida-gida ake tallarsa, kuma da tsada. Kwanon ƙarami ne, ba a yi shi don kwashe ambaliyar ɗaki ba. Idan ka same shi ka ɗauka, amma ka san ɗan wani gida ne.

Mai kwashe ruwan ƙasa kuwa ba a falo aka haife shi ba, a shagon kafinta ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gidaje sun yawaita a wajen biranen Amurka, mafi yawa da gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda maigida ke 'yan sassaƙe-sassaƙensa. Garin katako, ƙusoshi da guntayen ƙarfe suna yaga jakar injin falo, su karya fanka. Ɗakin ƙasa kuma ruwa kan shige shi. Martin Miller ya kafa kamfanin Shop-Vac a 1953, wanda daga baya ya zauna a Williamsport ta jihar Pennsylvania, kuma sunan ya bi bakin mutane har Ba'amurke yana kiran kowane irin wannan injin da shi. Kantunan Sears sun sayar da nasu da sunan Craftsman, akwai kuma Ridgid na kamfanin Emerson. Tsofaffin duro ne na ƙarfe da fenti, sai roba ta karɓe kasuwa saboda ƙarfe da ruwa ƙarshensu tsatsa. Abin da ya sa ake cewa suna aiki da yawa shi ne ƙofa ta biyu da iska ke fita: ka mayar da tiyo can, injin ya koma mai hurawa. A watan Satumba na 2020 Shop-Vac ya rufe masana'antunsa ba shiri, kafin shekarar ta ƙare kamfanin GreatStar na ƙasar Sin ya saye shi. Ga mai tara kaya, wannan shekarar iyaka ce tsakanin tsohon zubi da sabo.

Naka ɗan Ingila ne, kuma kafet ne ya haife shi. A shekarun 1970 gidajen Ingila an shimfiɗe su da kafet bango zuwa bango, an kafe shi, ba damar a naɗe a kai waje a wanke kamar yadda muke yi wa darduma. Ana goga masa kumfa a bari ya bushe, dattin yana nan. Alan Brazier, wanda ya san harkar wanke kafet, ya kafa Vax a 1977 a yankin Worcestershire, kamfanin ya zauna a garin Droitwich, kuma a 1979 bokitin nan ruwan goro ya shiga kasuwa. Aiki uku yake yi: sharar ƙura da jaka, kwashe ruwa, da wanki. Don wankin, akwai wani ƙaramin mazubi na ruwa mai tsabta da ke zama a saman bokitin, da siririn tiyo da ke bin jikin babban tiyon har zuwa kan da ke taɓa kafet. Ruwan sabulu ya sauka, iska ta ɗauke shi nan take da dattinsa, ya faɗa ƙasan bokiti. Mutum yana ganin baƙin ruwan da ya fito daga kafet ɗin da yake zaton mai tsabta ne, kuma wannan gani shi ya sayar da injin. Zuwa 1987 shi ne injin shara mafi kasuwa a Birtaniya. Abokan hamayya suka biyo baya, Hoover da Aquamaster, Goblin da Aquavac. Shi Goblin ɗin daga kamfanin Booth mai dawakai ya samo tushe, don haka duk mai Aquavac yana riƙe da jikan injin 1901. Tauraron bokitin ya fara dusashewa da Dyson ya fito da DC01 marar jaka a 1993, mutane kuma suka fara cire kafet suna sa daɓen katako. A 1999 kamfanin TTI na Hong Kong ya sayi Vax.

Sauran gidaje biyu da za ka riƙa gani a nan su ne Numatic da Kärcher. Chris Duncan ya kafa Numatic a 1969, suna ƙera kaya a garin Chard, su ne masu idanu da murmushi a jikin bokiti. Henry, ja, ya fito a 1981, kuma na ƙura ne kawai. Charles shuɗi shi ne mai shan ruwa, George kore yana ƙarawa da wanki. Fuska ɗaya, ciki daban, kuma ina yawan ganin Henry da aka kashe a wurin wankin mota saboda an ɗauka duk ɗaya ne. Kärcher na Jamus tun 1935 yake, ya shahara da injin wanki mai feshi da ƙarfi, kuma a 1974 ya bar shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Daga baya ne ya mayar da na ma'aikata ruwan toka.

Sai yadda za ka gane shekarun abin da ke hannunka, tunda takarda ba ta zuwa da kayan gwanjo. Ka nemi 'yar farantin bayanai a ƙasan murfi ko bayan moto, ita ce shaidar haihuwarsa. Idan an rubuta Jamus ta Yamma ce ta ƙera shi, bai wuce 1990 ba. Alamar CE ba ta bayyana a kayan wuta sai tsakiyar shekarun 1990, don haka injin Turai da ba shi da ita mai yiwuwa ya girmi lokacin. Hoton kwandon shara mai taya da aka soke da gicciye daga 2005 ne zuwa sama. Alamar UKCA ta jiya-jiya ce, daga 2021. A na Numatic, lambobi biyun farko na lambar injin shekara ce, biyun da ke bi mako ne. A na Amurka, adireshin kamfani mai lambar gidan waya guda biyar yana nuna bayan 1963. Idan ka kwance fulogi ka ga wayoyi ja, baƙi da kore a kayan Ingila, ka samu tsoho na gaske, domin wajen 1970 aka koma ruwan ƙasa, shuɗi da kore mai ratsin ɗorawa. Shi fulogin kansa kada ka dogara da shi. A Ingila sai daga 1995 aka tilasta sayar da kaya da fulogi a haɗe, kafin nan mai saye ke ɗaura nasa, mu kuma nan kowa yana yanke na asali ya sa wanda soket ɗinsa ke karɓa. Ƙarfin wat ma yana taimakawa, amma ba a naka ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade injinan ƙura kada su wuce wat 1600 daga Satumba 2014, sannan 900 daga Satumba 2017, sai dai dokar ba ta shafi masu shan ruwa ba.

Tunda an zo kan lambobi, akwai wadda ke sa mutane biyan kuɗin banza. Za ka ga an rubuta ƙarfin doki 5 ko 6 da manyan haruffa a jikin na Amurka. Soket ɗin gidan Amurka bolt 120 ne, mafi yawa amfiya 15, wato wat 1800 iyakarsa. Dokin inji ɗaya wat 746 ne. Ka raba, ba ka kai doki biyu da rabi ba. Lambar da suke bugawa ta ɗan ƙiftawar ido ce a ɗakin gwaji, ba ƙarfin da moton ke aiki da shi ba. Ka duba amfiya a farantin, ita ce gaskiya. Galan ɗin da suke auna bokiti da shi kuma lita 3.8 ne, bai kai na Ingila ba.

Wannan bolt 120 ɗin shi ne ajalin yawancin injinan Amurka da suka iso Kaduna. Wutarmu 230 ce. Ka soka shi kai tsaye, zai yi wani irin kururuwa na ɗan lokaci, sai wari da hayaƙi. Yana buƙatar tiransfoma mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba. Mai cin amfiya 10 wat 1200 yake ja, lokacin tashi ya fi haka, don haka ka nemi ta wat 2000 ko sama. Na Japan 100 ne. Ko na Ingila ma, idan ka ga fulogi zagayayye ruwan ɗorawa, na wurin gini ne, 110 yake sha. Ƙaramin janareton nan na shago kuwa ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kada ka kunna naka kafin ka buɗe shi. Ka sa takunkumi tukuna, don ba ka san me ya zuƙa a rayuwarsa ba, ko siminti ne ko toka ko dattin masana'anta. Ka juya fankar da hannu ka ji ko boris na kuka ko ya cije. Ka bi waya daga fulogi zuwa moto kana lanƙwasawa, wadda ta bushe za ta tsattsage. Ka ciro kabon biyu ka ga saura nawa, ka dubi inda suke gogawa a kan amecha, wato ɓangaren moto mai juyawa, ko ya yi baƙi ko ya ci rami. Akwai wata 'yar kafasita kusa da makunni a yawancin tsofaffin kayan Turai, aikinta hana injin damun rediyo. Da tsufa takan tsage, ta fashe da hayaƙi mai wari har mutum ya zaci moto ne ya tafi. Canza ta ba tsada. Idan duron ƙarfe ne, ka tabbata wayar at, wato ta ƙasa, tana haɗe da jikinsa, sai dai in farantin yana da alamar murabba'i cikin murabba'i, wadda ke nuna rufi biyu gare shi. In moton ya ƙone, masu rewayin za su iya naɗa shi, amma amecha mai gudun dubban zagaye a minti tana son daidaito, in ba a daidaita ta ba sai jijjiga ta cinye boris. Ni na fi son a nemo moton asali daga wani mataccen. Kuma har abada kada a zuƙi fetur ko kananzir ko toka mai zafi da shi, tartsatsin kabon ya isa ya tayar da gobara.

Wanne ya cancanci nema? Ra'ayina shi ne cikakke ya fi tsoho. Waɗannan injina ba kayan ado ba ne da ake lallaɓawa, kayan wahala ne, an yi ta aiki da su har suka mutu, tiyo ya tsage aka jefar, kawunan suka watse. Gangar jiki tana da yawa, abin da ya yi wuya shi ne a same ta da tiyonta na asali, bututunta, kawunanta, filtarta, balle littafinta ko kwalinta. Vax mai lambar samfuri 121 cikakke ya fi mini Shop-Vac da ya girme shi amma ba komai sai duro. Bayan haka zan sa na ƙarfe masu fenti da tambarin asali wanda tsatsa ba ta huda gindinsu ba, sai tsofaffin Charles da George, sai Aquavac da Aquamaster. Sababbin durorin silba marasa sunan kirki da suka cika shaguna, ka saya don aiki in kana so, ba don ajiya ba. Kada kuma ka yi wa tsoho sabon fenti, wanki da ruwan sabulu ya wadatar. Batun riba ka cire shi a ranka. Ko a Amurka da Ingila, inda ake da ƙungiyar masu tara injinan shara da gidajen tarihi irin na Hoover a North Canton, hankali ya fi karkata ga tsofaffin na falo, kuma kuɗin aika bokiti waje zai iya fin kuɗinsa. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

A Kaduna abokin takararka ba wani mai tara kaya ba ne, ɗan gwangwan ne. Shi jan ƙarfen cikin moto yake so, zai fasa murfi da guduma ya zare koyil, bokitin ya koma na ɗiban ruwa. Ka yi magana da waɗanda ke saye a Panteka tun kafin kaya su zo, ka ce duk mai tiyo da taya a ajiye maka shi yadda yake, ka biya sama da kuɗin kilo. Ka leƙa masu kayan gwanjo a Kasuwar Barci da shagunan tokunbo, musamman ranar da aka sauke sabon kaya, lokacin tiyo da kawuna ba su rabu da iyayensu ba. Masana'antun Kakuri, tun daga masaƙar KTL ta 1957 zuwa kamfanin Peugeot na 1975, da manyan otal-otal, irin wuraren da aka yi amfani da manyan injinan ƙarfe ke nan, kuma duk ma'aikatar da ta rage aiki kayanta kan biyo ta hannun 'yan gwanjo. Sitocin masallatai masu kafet ma sukan ɓoye wanda ya daina aiki aka manta da shi. Na wurin wankin mota ka bar su sai don kayan gyara, an riga an tatse su.

Ajiya a garin nan yaƙi biyu ce. Da damina laima tana cin ƙarfe, don haka ka wanke bokiti ka shanya ya bushe sarai, ka bar murfi a ɗage kaɗan, ka ɗora shi a kan katako. Rana kuma tana kashe launin roba ta sa ta gautsi, ruwan goron Vax yakan koɗe har ya yi fari-fari. Da hunturu ƙurarmu ta fi gari laushi. Soson da ake sawa lokacin zuƙar ruwa ba ya tare ta, wucewa take yi ta fito ta ɗaya ƙofar ta sake cika ɗakin. In za ka gwada shi a kan ƙura sai da jakar takarda ko busasshiyar filta, in za ka koma ruwa ka cire su, don takarda ta jiƙe ta gama yawo. Tiyo kuma a rataye shi a sake, kada a naɗe shi tam.

Game da naka, ka fara da farantin ka ga lambar samfurin. In 121 ne ko ƙasa da haka, na zamanin tashen kamfanin ne. In 6131 ne, na baya-bayan nan ne, ya fi sauƙin samun kaya. Ka buɗe ka duba ko mazubin ruwa mai tsabta yana ciki, da ƙwallo da kejinta. Abin da zai ba ka wahala shi ne tiyon asali mai siririn bututun sabulu da kan wanki, domin tiyon wani injin ko ya shiga bakin ba zai yi wanki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi na biyu wanda motonsa ya ƙone amma kayansa na nan, a kuɗin gwangwan, ka haɗa guda ɗaya cikakke daga biyun.